Tambarin Najeriya da Dagin Arewa: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Za a Gyara Su

Ana saura kwana uku bikin raba kyaututtuka, wani shugaban makarantar firamare ya shigo shagonmu na ɗab'i da hoton tambarin Najeriya a wayarsa, yana so a buga masa a babban ƙyalle da za a rataya bayan manyan baƙi. Da na buɗe hoton a kwamfuta sai na ga mikiyar tana kallon hannun damana, an kuma shafe ta da kore. Dawakan sun gajarce sun kumbura saboda an ja hoton ta gefe, rubutun ƙasa kuwa rabinsa babu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan sai an gyara kafin a buga." Ya ce, "Haba Malam, ai tambari duk tambari ne, yara ba za su lura ba." Yaran nan kuwa su ne abin ji. Abin da suka gani a bangon makaranta shi za su zana ranar jarrabawa, shi kuma za su koya wa ƙannensu. Ya haƙura muka gyara, amma tun daga ranar nake lura da allunan ofisoshi, kalandu, rigunan 'yan makaranta da takardun gayyata, kuma kurakuran kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

Tushen yawancinsu shi ne mutane sun ɗauka tambari hoto ne, wanda duk ya kwafa ya gama. A al'adar da aka gina tambarin Najeriya a kanta, wadda ta taso a Turai a ƙarni na 12 lokacin da mayaƙa ke zana alama a garkuwa don a gane su cikin sulke, asalin tambari bayani ne a rubuce. Ana faɗin launin garkuwa, abin da ke kanta, abin da ke samanta, abin da ke riƙe da ita dama da hagu, da abin da aka rubuta a ƙasa. Mai zane yana da 'yancin fitar da gwanintarsa wajen gashin wuyan doki ko fikafikan tsuntsu, shi ya sa za ka ga zane biyu sun ɗan bambanta kuma duka daidai ne. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya sauya launi, ya juya fuska, ya ƙara wani abu ko ya rage. A Ingila akwai ma'aikata guda a Landan da ke wannan aiki tun 1484, kuma a kan tsarinta aka ba Najeriya nata tambarin ranar 20 ga Mayu, 1960, da izinin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wata huɗu da 'yan kwanaki kafin samun 'yancin kai.

Wannan kwanan wata shi kansa ana kuskurensa. Za ka ga an rubuta cewa a 1975 aka fara amfani da tambarin. Duk wanda ke da tsohon sulen da aka buga a 1973, shekarar da aka koma naira da kwabo, ya juya shi ya duba: ga garkuwa, ga dawaki, ga mikiya. Haka kuma ana yawan cewa Michael Taiwo Akinkunmi ne ya zana shi. Tuta ya zana, a gasar da aka yi a 1959 yana ɗalibi a Landan, kuma wannan ya ishe shi abin tunawa. Kada a ɗora masa aikin da ba nasa ba.

Dama da hagu

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wajen masu ɗab'i, kuma dalilinsa na sana'a ne. Mai buga riga da zafi sai ya juya hoto kafin ya ɗora, haka ma mai sassaƙa hatimin roba. In aka manta aka juya sau biyu, ko aka juya zanen aka sake rubuta kalmomin daidai, sai a samu tambari mai kyan gani amma a birkice. Daga nan wani ya ɗauke shi hoto ya sa a intanet, ɗari su kwafa.

Ƙa'idar ita ce, dama da hagun tambari na mai riƙe da garkuwar ne, ba na mai kallo ba. Ka ɗauka wani barde ne ya tsaya a gabanka da garkuwa a ƙirjinsa: damansa ita ce hagunka. Mikiyar Najeriya tana kallon damar garkuwa, wato idan kana fuskantar tambarin, bakinta yana nuna hannunka na hagu. In ka gan ta tana kallon damanka, an juya.

Maƙwabtanmu na Nijar ma suna da wannan a nasu. Tsarin mulkinsu na 2010 ya bayyana garkuwa koriya mai rana a tsakiya, mashi da takubban Buzaye biyu a dama, zangarniyar gero uku a hagu, kan sa a ƙasa, dukkansu ruwan zinariya. Mai kallo a hagunsa zai ga mashin, a damansa zai ga geron. Kuma duk da bayanin ya ce koriya, sau da yawa za ka tarar an zana garkuwar da ruwan zinariya.

Baƙar garkuwa da farar gwafa

Garkuwar baƙa ce, kuma baƙin yana nufin ƙasar noma mai albarka. Na sha jin ana cewa man fetur ake nufi, wasu su ce launin fatarmu. A 1960 fetur jariri ne: a 1956 aka same shi a Oloibiri, a 1958 aka fara fitar da shi. Abin da ke ciyar da ƙasar a lokacin shi ne gyaɗa da auduga da fatu daga Arewa, koko daga Yamma, manja da ƙwara daga Gabas. Manomi ya san bambancin baƙar ƙasar fadama da jigawa, kuma wannan baƙin ne ke kan garkuwar. Saboda haka mai zane kada ya mai da ita ruwan toka ko shuɗi mai duhu don wai ta fi haske a takarda.

Farin da ya ratsa ta mai siffar gwafa ba harafin Y na boko ba ne, ba farkon sunan wata ƙabila ba ne, ba kuma iyaka ce da aka ja tsakanin manyan ƙabilu uku ba, ko da yake wannan fassarar ta yaɗu sosai a bakin masu son gardama. Kogin Kwara ne da kogin Binuwai inda suka haɗu a Lakwaja suka gangara teku. Kwara ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali, ya wuce ta Yamai, ya shigo ta arewa maso yamma bayan tafiyar da jimillarta ta haura kilomita 4,000. Binuwai ya fito daga tudun Adamawa a Kamaru, ya bi ta Garwa da Yola da Makurɗi. Tunda ruwa ne, dole gefunan farin su kasance masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Wanda ya ja su miƙe da rula ya mai da kogi titi. Wanda ya shafa masa shuɗi don ya yi kama da ruwa shi ma ya kauce, domin fari aka ce. Akwai hikima a nan: a wannan fanni ana ɗaukar fari a matsayin azurfa, rawaya a matsayin zinariya, kuma ana son a ɗora ɗayansu a kan launi mai duhu don a hango alamar daga nesa. Fari a kan baƙi ko daga ƙarshen fili ana ganinsa.

Mikiya, gammo da dawaki

Mikiyar ja ce, fikafikanta a buɗe, tana nufin ƙarfi. Masu shafa mata kore ina jin ƙwallon ƙafa ce ta ja su, tunda 'yan wasan ƙasa da kore aka san su. Wasu kuma in sun zana ta da hannu sai ta fito kamar shirwa ko tattabara, wani lokaci ma da dogon wuya kamar ungulu. A ba ta ƙugiyar baki da faratai, a kuma bar ta ja gaba ɗaya.

Abin da take tsaye a kai shi ne aka fi mantawa. Ba a kan garkuwar kai tsaye take ba. Akwai wani murɗaɗɗen ƙyalle tsakaninsu, kamar gammon da mai tallan ruwa ke ɗorawa a ka, fari da kore suna bin juna, launukan tutar ƙasa. Asalinsa naɗin da mayaƙan Turai ke yi a saman kwalkwali ne. In babu shi, tambarin bai cika ba.

Dawakan biyu ne, farare, sun tashi a kan ƙafafun baya suna dafe da garkuwa, kowanne yana fuskantar ɗan'uwansa. Martaba suke nufi, kuma wannan ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba, mutumin da ya san abin da ake nufi in an ce wane ya hau. Amma son dokin namu shi ke jawo kuskure. Na ga bangon da mai fenti ya ɗaura musu sirdi da linzami da jalala kamar za su hawan daushe. Ya yi kyau a ido, amma ya zama wani abu dabam. Dawakan tambari tsirara suke, ba kayan hawa, ba mahayi. Ba su da ƙaho kuma. Mai ƙaho ɗaya a goshi na tambarin Birtaniya ne.

Furen da aka sauya wa launi

Wannan ya fi kowanne damuna, domin kuskuren ya shiga har zanen da ake gani a manyan wurare. A ƙarƙashin garkuwar akwai ciyawa koriya da furanni. Sunan furen a ilimin tsirrai Costus spectabilis, kuma littattafan makaranta da yawa suna rubuta kalmar farko da kuskure, su ce Coctus. Tsiro ne da ke fitowa a dazuzzukanmu da faɗuwar damina, ba shi da kara, ganyensa huɗu ne masu faɗi da kauri da ke kwanciya a ƙasa suna fuskantar kusurwa huɗu, furen ya ɓullo daga tsakiyarsu. Hausawan karkara suna ce masa takalmin zomo. Furensa rawaya ne, ruwan ɗorawa shar. Amma duba tambarin da ke kusa da kai yanzu: akwai yiwuwar jajaye za ka gani. An daɗe ana kwafar jan har ya zama kamar shi ne daidai, wasu ma suna kiransa da sunan wani furen dabam. Idan aka ba ka aikin zana tambarin, ka sa rawaya. In mai aikin ya yi gardama, ka nuna masa hoton tsiron. Ni ban ga dalilin da za a ce furen ƙasa ne, sannan a hana shi launin da Allah ya ba shi ba.

Rubutun da ke ƙasa

A kan ƙyallen da ke ƙasan tambarin an rubuta "Unity and Faith, Peace and Progress", wato haɗin kai da imani, zaman lafiya da ci gaba. Kalmomin huɗu ne kuma a wannan jeri suke, haka sashe na 15 na tsarin mulkin 1999 ya kawo su. Masu juya su, su fara da zaman lafiya, ko su ce "Peace and Unity", daga ka suke rubutawa.

Wanda ya ga "Unity and Faith" kaɗai a tsohuwar takarda kada ya ce jabu ce. Haka kirarin yake daga 1960, kuma shi ne a kan kuɗin ƙarfen 1973. A 1978 aka ƙara rabin na biyu, ya shiga tsarin mulkin 1979. Kuskure shi ne a ɗauko tsohon a buga a takardar yau, ko a sa sabon a littafin da ke nuna tambarin zamanin Tafawa Ɓalewa. Sannan a bambanta kirari da taken ƙasa. An koma tsohon take a watan Mayun 2024, amma wannan bai taɓa rubutun tambari ba.

Dagi ba shi ne tambarin Jihar Arewa ba

Yanzu mu dawo gida. In ka tambayi matasa goma mene ne tambarin tsohuwar Jihar Arewa, kusan duka dagi za su nuna maka. Dagin Arewa alama ce, babba kuwa, amma gwamnatin Jihar Arewa da ke Kaduna tana da nata cikakken tambari irin na garkuwa, wanda doki da raƙumi ke riƙe da shi, da kirarin "Work and Worship", wato aiki da ibada. Jihar ta samu mulkin kai ranar 15 ga Maris, 1959, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato yana Firimiya, kuma ta daina wanzuwa ranar 27 ga Mayu, 1967, lokacin da Yakubu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa. Tambarin ya tafi da gwamnatin da ke da shi. Dagi ya zauna, domin tun farko ba a ofis aka haife shi ba.

Nan ne kuskure na biyu yake, masu cewa Sardauna ne ya ƙirƙiro shi. Dagi ya girmi Sardauna nesa ba kusa ba. Yana jikin manyan riguna na ƙarni na 19, kusa da aska biyu da aska takwas, yana bangon soraye da zaurukan Zariya da Kano, yana kan fatun dukawa. Kalmar ma tsohuwa ce, ita ake kiran tafin ƙafar zaki ko kyanwa da ita. Abin da shugabannin Arewa na wancan zamani suka yi shi ne ɗaukar zanen da jama'a suka riga suka sani suka mai da shi alamar yanki. Kuma irin wannan saƙaƙƙen ƙulli ana samunsa a wasu al'ummu na Afirka da wajenta, saboda haka duk labarin da ya ce daga mutum ɗaya ko gari ɗaya ya fito, a karɓe shi da hannu biyu-biyu a ajiye.

Ba alamar jam'iyya ba ce kuma. Jam'iyyar NPC ta su Sardauna fartanya ce alamarta, NEPU ta 'yan hamayya kuwa tauraro. Ba kuma na Hausawa ko Musulmi kaɗai aka nufa da shi ba lokacin da aka ɗaga shi. Kirarin NPC cewa yake Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba tare da duba addini, muƙami ko ƙabila ba, kuma Arewar da ake magana ta haɗa da Tibi da Nufawa da Barebari da Birom da Yarabawan Ilori. Mai sa dagi a takarda don ya ware wani ɗan Arewa ya yi amfani da shi a kishiyar ma'anarsa.

Akwai masu haɗa dagi da tauraro mai tsini shida da ke kan tsohon kwabo mai huji da anini. Abubuwa biyu ne dabam. Tauraron shi ne alamar Najeriya ta zamanin Turawa daga 1914 zuwa 1960, kore a kan jan da'ira, da kambin sarauta a tsakiya. Gwamna Lugga ya rubuta cewa ya ga zanen ne a murfin wani tulun tagulla da sojojinsa suka samo a Kwantagora. Malamanmu sun san shi da hatimin Annabi Sulaiman tun kafin nan, kuma yana kan kuɗinmu shekaru da dama kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948, don haka masu cewa daga tutarta aka kwafo sun juya tarihi.

Wa ke da ikon buga shi

Kalmar tambari a Hausa tana da ma'anar da ta riga ta hatimi: gangar sarauta ce, wadda ake kaɗa wa sarki shi kaɗai. Attajiri komai dukiyarsa ba a buga masa tambari a ƙofar gida. Haka tambarin ƙasa yake. Akwai dokar tuta da tambari tun 1960 da ta sa amfani da shi a ƙarƙashin izinin hukuma. Amma sai ka ga ƙungiyar unguwa, kamfanin sayar da filaye, ko mai neman kansila sun ɗora shi a saman takardarsu. Mai karatu yana ganin mikiya da dawaki zai ɗauka gwamnati ce ke magana, kuma da wannan ake damfarar mutane da takardun ɗaukar aiki na ƙarya. In aka kawo mana irin wannan aiki a shago, shawarar da nake bayarwa ita ce ƙungiya ta zana nata. Dagi kuwa na kowa ne, ba mai hana ka sa shi a hula, ƙofa ko allon shago.

Sai dai a zana shi daidai. Dagi saƙa ce: zare ne ke hawa kan wani, ya nutse ƙarƙashin na gaba, ya sake hawa, bi da bi ba tare da ya yi sama sau biyu a jere ba. Da yawa daga waɗanda ake yi a kwamfuta yanzu an ɗora zobba ne kawai a kan juna, ba mai shiga cikin wani, in da na igiya ne da ka ɗaga za su watse. Wani tsohon maɗinki da ke kusa da shagonmu shi ya nuna mini yadda ake gwadawa. Ya shimfiɗa wata tsohuwar riga a cinyarsa, ya kama yatsana ya ɗora a kan zaren dagin da ke gefen aljihu, ya ce, "Bi shi, ɗana. Sama, ƙasa, sama, ƙasa. In ka dawo inda ka tashi ba ka yi tuntuɓe ba, mai aikin ya iya." Haka nake yi wa kowane dagi kafin in tura shi injin, da yatsa a kan gilashin kwamfuta.